Lacca: Fim Mai Ma'ana da Yadda Mai Yin Sa Zai Kai ga Na Biyu

Assalamu alaikum. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, ina kuma gode muku da kuka ba da lokacinku. Na ga mafi yawanku matasa ne, ƙannena da 'ya'yana. Wasu sun riga sun riƙe kyamara, wasu kuwa labarin ne ke cin su a zuci, ba su san ta inda za su fara ba. An ce in yi magana a kan yadda mutum zai gina sana'ar fim da ƙashin kansa, ba a ƙarƙashin wani babban kamfani ba, kuma labaransa su zama masu taɓo abin da ke damun jama'a.

Maganar da na zo da ita ɗaya ce: kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe mutum a wannan aiki. Fim na farko, zafin zuciya kan isa ya fitar da shi. Abokai za su yi aiki kyauta, wani ya ara maka kyamara, wani ya ba ka gida a yi ɗauka. A na biyu ake gane wanda ya shigo sana'a, domin alfarmar ta ƙare, bashi kuma ya tsaya a ƙofa.

Mu fara da labarin kansa, tun da shi ne jarin. Matashi zai zo ya ce, "Ina so in yi fim a kan rashin aikin yi." In ce masa, wannan maudu'i ne, ina mutumin? Ɗan kallo ba ya zubar wa maudu'i hawaye. Amma a ce ga magidanci an sallame shi daga aiki, ya kasa faɗa wa iyalinsa. Kullum da safe sai ya goge takalminsa, ya ɗauki jakarsa, ya fita a kan lokaci. Ka ajiye kyamara a kan hannunsa yana ɗaure igiyar takalmin, 'yarsa tana tsaye tana jiran ya ba ta kuɗin littafi, hannun nan ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da ɗauri. Babu wanda ya furta kalmar talauci, amma duk wanda ke zauren ya ji ta a jikinsa. Da ka sa wani dattijo ya fuskanci kyamara yana jero illolin zaman banza, da mutane sun fara duba wayoyinsu.

Ousmane Sembène na Senegal ya nuna wannan tun da wuri. Ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, ya rubuta littattafai, sai ya lura mutanen da yake rubutu dominsu da yawa ba sa karatu. Yana dab da shekara 40 ya tafi Mosko koyon fim. Borom Sarret, wanda ya fitar a 1963, bai fi minti ashirin ba: mai amalanken doki ne a Dakar, yini guda, har hukuma ta ƙwace masa amalanken saboda ya shiga unguwar da aka hana irinsa shiga. A ɗan wannan labari ya nuna yadda birni ya rabu tsakanin masu shi da marasa shi. Kuma bai tsaya ba. Yana da shekara 81 ya fitar da Moolaadé a 2004, a kan kaciyar mata, ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes. Shekara arba'in yana aiki. Wannan dogon numfashi nake so ku sa a gaba.

To, me mutum zai ci kafin fim ya fara biya? Ni ba na ba kowa shawarar ya ajiye aikin da ke ciyar da shi ranar da ya rubuta labarinsa na farko. Satyajit Ray na Indiya ma'aikacin kamfanin talla ne a Kalkata lokacin da ya fara ɗaukar Pather Panchali a 1952. A ranakun hutu yake fita ɗauka. Kuɗi suka ƙare, har aka jinginar da kayan adon matarsa, aikin ya tsaya, sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ba da kuɗi aka kammala. Fim ɗin ya fito a 1955, a 1956 ya sami lambar yabo a Cannes. Saboda haka wanda ya iya tace hoto, ko ɗaukar sauti, ko shirya tallace-tallace, ya riƙe wannan hannu bibbiyu. Yana kawo abin masarufi, yana kuma gogar da hannu.

Tun da na ambaci sauti, bari in ɗan ratse. Yau waya ma tana ɗaukar hoton da za a iya haskawa a silima. Abin da ke tona asirin ƙaramin fim shi ne sauti. Jaruma tana faɗin maganar da duk labarin ya rataya a kanta, iska tana bugun makirufo, firji yana gurnani a bayanta. Ɗan kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da aka ce ba, ya tafi. In kuɗinka kaɗan ne, fara biyan mai sauti.

Sai neman jari. Akwai asusun tallafi da aka kafa domin masu fim na ƙasashen da harkar ba ta da ƙarfi: asusun Hubert Bals na bikin Rotterdam, World Cinema Fund na bikin Berlin wanda aka kafa a 2004, da IDFA Bertha Fund na Amsterdam ga masu fim ɗin gaskiya, wato dokumentari. Masu nema suna da yawa, masu samu kaɗan ne, kuma abin da za su fara tambaya shi ne aikinka na baya. Shi ya sa gajeren fim mai kyau ya fi dogo mai rauni amfani. Ƙungiyoyin agaji ma suna ba da aikin fim, ba laifi a karɓa, sai dai a san bambanci. Wanda ya biya yakan so saƙonsa ya fito a bakin jarumi kalma da kalma. Kafin ka karɓi ko sisi, a rubuta wanda ke da maganar ƙarshe a ɗakin tacewa.

Yanzu na zo inda na fi so ku buɗe kunne, wato takardu. Charles Burnett na Amurka ya yi Killer of Sheep a shekarun 1970 yana ɗalibi, a kan rayuwar wani ma'aikacin mayanka baƙar fata a unguwar Watts ta Los Angeles, da kuɗin da ba su wuce dala 10,000 ba. Masana suka yaba masa ƙwarai. Amma ya sa waƙoƙin mutane ba tare da mallakar izini ba, sai fim ɗin ya kasa shiga kasuwa har 2007, bayan an biya kusan dala 150,000 na haƙƙin waƙoƙin. Kusan shekara talatin aiki yana kulle saboda takarda. Don haka marubuci ya sa hannu, jarumai su sa hannu, mai kiɗa ya sa hannu, mai gidan da aka yi ɗauka ya sa hannu, ko da kuwa aminan juna ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk mai sayen fim na gaske, waɗannan takardu zai fara nema.

Haka in dillali ko mai rarrabawa ya kawo yarjejeniya. Duba abu uku: shekara nawa, waɗanne ƙasashe, da abin da zai cire kafin kuɗi su iso hannunka. A al'ada yakan fara cire ladansa da abin da ya kashe a talla, ragowar ce taka, kuma in ba a sa wa kashe-kashen nan iyaka ba, ragowar tana iya zama babu. Ka ba da hayar fim na wani wa'adi, kada ka sayar da shi har abada saboda matsin wata guda. Fina-finan da ka mallaka su ne za su ɗauki nauyin na gaba. Sannan kada ɗoki ya sa ka ɗora shi a YouTube tun kafin ka yi shawara, domin manyan bukukuwa da dama suna son a fara nuna fim a wurinsu. Ka tsara: bukukuwa irin su FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara tun 1969, sannan kasuwa, sannan intanet.

Akwai nauyin da ke kan mai irin wannan fim wanda ba ya kan mai fim ɗin nishaɗi. Da rayuwar mutane kake aiki. Fim ɗin Errol Morris na 1988, The Thin Blue Line, ya taimaka aka saki mutumin da aka ɗaure shekara goma sha biyu bisa kisan ɗan sanda a Dallas, laifin da bai aikata ba. Duk da haka, bayan mutumin ya fito daga kurkuku a 1989, sai da suka shiga shari'a da daraktan, wato Morris, a kan wa ya mallaki labarin rayuwarsa. Idan hakan ta faru inda fim ya fitar da mutum daga kurkuku, ina ga inda ya tona masa asiri? Ka bayyana wa mutum inda fim zai je, da wanda zai gani. In fitowar fuskarsa za ta jawo masa kora ko duka, a ɓoye ta. Kai za ka naɗe kayanka ka tafi, shi kuwa a nan zai ci gaba da kwana.

Kuma kada ku ɗora wa fim abin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Sharmeen Obaid-Chinoy ta Pakistan ta ci lambar Oscar a 2016 da fim a kan yarinyar da mahaifinta da kawunta suka harbe da sunan kare mutuncin gida, ta rayu, aka matsa mata ta yafe. An nuna shi a ofishin firaminista, a watan Oktoba na shekarar majalisa ta tsaurara doka. Amma lauyoyi da ƙungiyoyin mata sun daɗe suna wannan fafutuka, fim ɗin ya tarar da su ne a kan aiki. Saboda haka tun kana rubutu ka nemi masu fama da matsalar, malamai ne, likitoci ne, lauyoyi ne. Su za su gyara maka kuskure kafin ɗauka, su ne kuma za su kai fim ɗin makarantu da tarurruka inda dillali ba zai taɓa kai shi ba.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo. Maganar kasafin kuɗi dalla-dalla, da yadda ake rubuta takardar neman tallafi, mu yi ta a lokacin tambayoyi. 'Yar'uwa da ke can baya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.