Wa Zai Tashe Ka Idan Saba Ta Mutu da Tsakar Dare?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na rubuto a takarda kan yadda ake haɗa manhajar sa ido da imel da saƙon tes, ta yadda in abu ya lalace saƙo zai fita da kansa, ba sai wani ya danna komai ba.

Na farko, fasalin abin, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Akwai mai sa ido, irin su Zabbix, Nagios ko Prometheus. Aikinsa leƙa saba, wato kwamfutar da shafi ko manhajar kamfani ke zaune a kanta, dare da rana, ya ga ko ma'ajiya ta cika, ko shafi ya daina amsawa. Akwai mai riƙe jadawalin wanda ke bakin aiki, irin PagerDuty da wasu tsofaffin injiniyoyin Amazon suka kafa a 2009, ko Opsgenie da Atlassian ya saya a 2018. Sai ɗan aike a tsakiya: Zapier, Make, ko n8n. Mai sa ido ya hango matsala sai ya jefa bayani ta webhuk, wato adireshin da ke zaune yana jiran a turo masa saƙo. Ɗan aike ya karɓa ya duba. In abin ya yi tsanani, tes ya tafi ta kamfanin tura tes irin Twilio, Termii ko Africa's Talking. In kuwa abu ne da zai iya jiran safiya, imel ya wadatar. Abin da kawai zan ja kunnenku a kai, ku sa a turo wa ɗan aiken saƙo, kar ku bar shi ya riƙa zuwa dubawa da kansa. A tsarin Zapier na kyauta, sai bayan minti 15 yake leƙawa. Minti 15 shafin biyan kuɗi a kwance, ai kwastoma sun riga sun kira oga. (dariya)

Na biyu, kuma wallahi saboda shi na amsa gayyatar nan. A ina ɗan aiken yake zaune?

Matasanmu suna son n8n, ni ma ina son sa, domin kana iya ɗora shi a kan sabarka ba ka biyan kowa dala. To amma sai ka ga yaro ya kama hayar saba guda ɗaya, manhajar kamfani a kanta, Zabbix a kanta, n8n a kanta, imel ma daga can yake fita. Ranar da sabar ta mutu, wa zai faɗa maka? Ka kulle ɗaki ne ka bar makullin ajiya a ciki. Wayarka shiru, kana ta sharar barci, kana ganin lafiya lau ne.

Kar ku ce sai ƙananan kamfanoni. Ranar 28 ga Fabrairu 2017, ma'ajiyar S3 ta Amazon da ke arewacin jihar Virginia ta tsaya kusan awa huɗu, saboda wani ma'aikaci ya shigar da umarni da kuskure. Shafin da Amazon ke sanar da mutane lafiyar ayyukansa, shi ma a kan S3 ɗin ya dogara. Suka kasa sabunta shi, sai Twitter suka koma suna ba da sanarwa. Amazon fa!

Na 4 ga Oktoba 2021 kuwa kowa a ɗakin nan ya ji a jikinsa. Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Ranar ce wasu suka gano ashe akwai mutane a gidansu. (dariya) Wani umarni da aka bayar lokacin gyara ne ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kwamfutocinsu, kuma kayan aikin da injiniyoyi za su binciki matsalar da su duk a kan hanyoyin nan suke. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Najeriya, Ghana, Kodebuwa, duk intanet ya yi rauni, har bankuna suka riƙa ba kwastomomi haƙuri. Yanzu ɗauki wanda sabarsa ke ofis a Kano, tes ɗinsa kuma sai ya je wani kamfani a Amurka ta intanet kafin ya dawo wayarsa. Kun ga inda gizo ke saƙar? Sunansa tes, amma rabin tafiyarsa ta intanet yake yi.

Mafita ba ta da tsada. Ɗan aiken ya zauna a wani kamfanin haya daban, ba inda manhajarka take ba. In kayanka a ofis suke, sayi ƙaramin modem, ka sa masa layi, ka haɗa shi da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ka ɗora manhajar Gammu. Wannan kai tsaye yake magana da turken sabis, babu ruwansa da intanet. Ka ba shi batirinsa daban, don in an ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, modem ɗin ya samu ya yi ihu kafin ya mutu. Kuma don Allah a riƙa sa wa layin kati. Na taɓa shiga wani ofis, an haɗa komai tsaf, modem yana ta ƙyafta koriyar fitila a bayan kabad, ashe an daɗe da rufe layin saboda ba a amfani da shi.

Sannan akwai dabarar da ta fi burge ni, a juya abin. Maimakon ka jira a ce maka an mutu, sai mai sa ido ya riƙa aika "ina nan" duk minti biyar zuwa wani wuri na waje, irin Healthchecks.io. Ranar da "ina nan" bai iso ba, wancan na wajen ne zai tashe ka. Masu amfani da Prometheus sun san gargaɗin da ake kira Watchdog, wanda kullum a kunne yake da gangan saboda wannan aikin. Shirun ne ake jira. Ina maimaitawa, shirun ne ake jira.

Na ga shugaban zama yana nuna min agogo. Na uku, ko na huɗu ne? Bari in haɗa su. Kar ku tura komai ta tes. A hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, ƙararrawa sama da 100 suka tashi cikin 'yan mintuna, ma'aikata suka rasa wacce za su bi. Wanda wayarsa ke kuka sau talatin a dare zai kashe mata murya ne kawai. Alertmanager, manhajar da ke tura gargaɗin Prometheus, yana iya dunƙule gargaɗi masu kama da juna su zama saƙo ɗaya, ku yi amfani da shi. In mutum na farko a jadawalin bai amsa ba cikin minti goma, a wuce wa na biyu, a kira shi a waya. Imel kuma ku saita SPF da DKIM, wato shaidar da ke nuna daga gare ku ya fito, in ba haka ba kwandon shara zai faɗa. A Najeriya akwai DND, tsarin toshe tes ɗin talla, lambar 2442 da hukumar NCC ta fito da ita a 2016. Wanda ya kunna ta, tes ɗin da ya bi hanyar talla ba zai same shi ba, don haka ku nemi kamfanin da ke tura muku tes ya ba ku hanyar saƙonnin ma'amala, irin wadda alat ɗin banki ke bi.

Na'am, 'yar'uwa a can gefe?

"Malam, masu gadin wurinmu ba sa jin Turanci. Za a iya tura saƙon da Hausa?"

Ƙwarai kuwa, kuma gara haka. Amma ga wani tarko. Tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne in duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar, ba sa cikin jerin. Guda ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. In ya zarce, a yanka shi gida-gida, kowane yanki 67, kuma kowanne kuɗinsa daban. Saƙo mai harafi 150 da za ki biya sau ɗaya, sai ki biya sau uku. Saboda haka ki ƙara mataki guda a n8n kafin na turawa, ya mayar da masu lanƙwasa zuwa k, d, b. Imel ɗin ki bar shi da cikakken rubutunsa, can babu wannan iyaka. Tes ɗin kuma ki taƙaita: me ya lalace, a ina, ƙarfe nawa, wa za a kira. "Wuta ta dauke a dakin saba, 2:40, kunna janareta, kira injiniya." Ki gwada shi a ƙaramar waya mai madannai, irin wadda mai gadin yake riƙewa, ba a taki ba.

An kira la'asar. Mai sauran tambaya ya same ni a waje bayan salla.