Hyperpop na Faransanci: Kiɗan da Ake Lalata Sautinsa da Gangan

Assalamu alaikum masu kallo. Idan kuka ji wannan kiɗa karon farko, mai yiwuwa ku zaci lasifikar wayarku ce ta fashe, domin gangar tana fitowa da ƙaraji, muryar mai waƙa kuma an siranta ta har ta koma kamar ta 'yar tsana. Babu abin da ya lalace, haka masu shi suka tsara shi. Sunan da aka fi kiransa da shi shi ne hyperpop, kuma a yau za mu duba reshensa da ya tsiro a Faransa, inda matasa suke rera shi da harshensu.

Asalin salon ba na Faransa ba ne. A shekarar 2013 wani matashin mai haɗa kiɗa, A. G. Cook, ya kafa kamfanin PC Music a Landan, inda shi da abokan aikinsa suka ɗauki duk abin da ake zargin waƙoƙin kasuwa da shi, wato zaƙi fiye da kima da sautin roba da maimaita amshi, suka ƙara masa gishiri har ya wuce misali. Marigayiya SOPHIE, wadda ta rasu a Athens a watan Janairun 2021, ita ce ta fi kowa suna wajen ƙera sautuka daga cikin na'ura, irin ƙarar balan-balan da ake murzawa ko ƙarfe da ke bugun ƙarfe. Kalmar hyperpop kuwa ta bazu ne bayan Spotify ya buɗe jerin waƙoƙi da wannan suna a 2019, kuma mawaƙa da dama da aka jera a ƙarƙashinta ba sa son a kira su da ita.

Bari mu leƙa yadda ake haɗa irin wannan waƙa. Yarinya ce zaune a ɗakinta, ba situdiyo ba, gabanta kwamfutar cinya da makirufo mai araha da manhaja irin su FL Studio ko Ableton Live. Ta rera baiti biyu da muryarta ta yau da kullum, sannan ta ɗora musu Auto-Tune, ta murɗa saurinsa zuwa ƙarshe, yadda muryar za ta riƙa tsalle daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da gangarawa ba. Daga nan ta ɗaga muryar sama, har mai sauraro ya kasa tantance ko ta namiji ce ko ta mace. Sai ta koma kan ganga, ta ƙara mata ƙarfi har ma'aunin sauti ya shiga ja, wato wurin da duk injiniyan sauti na gargajiya zai ce a dakata, ita kuwa nan take so. Waƙar ba ta cika wuce minti biyu ba, kuma a daren take iya hawa SoundCloud, shafin intanet da mawaƙa ke ɗora waƙoƙinsu. Kunnen Bahaushe bai baƙunci wannan murya ba, tunda waƙoƙin finafinan Hausa sun daɗe suna amfani da Auto-Tune. Bambancin shi ne a wajenmu ana neman taushi da shi, su kuwa karyewa suke nema.

To, me ya sa na Faransa ya fita daban? Amsar tana cikin harshe. Faransa ta daɗe a harkar kiɗan na'ura, tun daga gwaje-gwajen Pierre Schaeffer a gidan rediyon Paris a 1948 har zuwa Daft Punk, makaɗan na'ura biyu 'yan Faransa, waɗanda suka rabu a 2021. Sai dai Daft Punk da tsararsu da Turanci suka ci kasuwar duniya, har ya zama kamar ƙa'ida cewa kiɗan rawa na Turanci ne, Faransanci kuma na waƙar da ake zama a saurari kalmominta. Hukuma ma ta shiga maganar, domin dokar 1994 ta wajabta wa gidajen rediyo masu zaman kansu cewa kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sakawa su zama na Faransanci. Waɗannan matasa ba dokar ce ta tura su ba, don rediyo ba ta cikin lissafinsu. Abin da ya share musu hanya shi ne rap na unguwannin bayan gari, musamman wasu 'yan'uwa biyu da ake kira PNL, waɗanda tun 2015 suka nuna cewa Faransancin titi yana zama daram a cikin muryar na'ura mai ɗauke da baƙin ciki. Wannan Faransancin titi yana da salon da ake kira verlan, inda ake juya gaɓoɓin kalma, kamar yadda fou, wato mahaukaci, yake komawa ouf.

Tushe na biyu daga arewa ya zo. Gabber kiɗa ne da aka haifa a Rotterdam ta ƙasar Holan a farkon shekarun 1990, mai bugu 160 zuwa sama a minti guda, alhali waƙar kasuwa ta yau da kullum tana yawo ne a wajajen 120. An daɗe ana raina shi a Faransa, kafin gungun Casual Gabberz na Paris su farfaɗo da shi, su gauraya shi da rap. Ɗaya daga cikinsu, Paul Seul, ya haɗu da mawaƙiya Mathilde Fernandez suka kafa Ascendant Vierge, inda muryarta mai tashi sama kamar ta masu opera take hawa kan gangar da ke dukan ƙirji. A ganina wannan haɗi ne ya fi bai wa reshen Faransa kamanninsa, domin a Landan akwai wasa da zolaya a cikin salon, a nan kuwa ana rera soyayya da kaɗaici bilhaƙƙi. Akwai kuma irin su Eloi da Babysolo33, wadda lambar da ke sunanta ta yankin Bordeaux ce.

Annobar korona ta ƙara wa abin gudu, tunda gidajen rawa na Faransa sun kasance a rufe daga Maris na 2020 har zuwa Yulin 2021, matasa kuma suka koma ɗaki da intanet. A 2023 PC Music ya sanar da cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe ta fitar da sababbin waƙoƙi. Bayan shekara biyu, a Fabrairun 2025, Oklou, wadda ta fi sauran Faransawan wannan fage suna a waje, ta fitar da kundinta na farko, kuma cikin waɗanda suka taya ta haɗa shi har da A. G. Cook da kansa, sai dai da Turanci ta rera waƙoƙin.