Daga Wata Sana'a Zuwa Gina Manhajar Intanet

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji? To madalla. Abubuwa huɗu na shirya wa mai sana'a a hannu, malami ne ko akanta ko ma'aikacin jinya, da yake son ya koma injiniyan manhaja, irin manhajar da ake buɗewa a burauza.

Na farko, tsarin koyo. Harsuna uku burauza take ji. HTML shi ne ginin, CSS fenti da tsarin ɗakuna, JavaScript kuma, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995, shi ke sa abu ya motsa in an danna. A bi su a jere haka. Sababbi sukan tsallake zuwa React, kayan aikin da aka gina a kan JavaScript, wanda Facebook ya saki a 2013, tun ba su iya JavaScript ba, sai abu ya lalace su rasa ko laifin na React ne ko nasu. Darussan freeCodeCamp da The Odin Project kyauta ne. Awa biyu kullum bayan Isha'i ta fi awa 14 ranar Lahadi. Kuma in kana kallon bidiyon darasi, ka tsayar da shi, ka rubuta kod ɗin da hannunka.

Na biyu, aikin gwaji. Ka ɗauko shi daga sana'arka ta yanzu, don can ka fi ɗan jami'a sanin inda ke ciwo. Malami ya gina manhajar karɓar kuɗin makaranta. Sassa uku ne: fuskar da iyaye ke gani, sabar da ke yanke hukunci, misali da Node.js ko Django, sai rumbun bayanai kamar PostgreSQL. Tebur uku sun isa: ɗalibai, zangon karatu, biyan kuɗi.

To kuɗi fa. A nan nake son mu daɗe. Mai laftof, danna F12, ka shiga Console, ka rubuta 0.1 + 0.2. Me ya fito? Ɗaga murya, ɗan'uwa. Yauwa, 0.30000000000000004. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma ɗaya bisa goma ba ya zama cif a wannan ƙirgar, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a tamu. Ka tara irin wannan sau dubbai, ƙarshen zango lissafi ya ƙi haɗuwa da na banki. Maganin: a ajiye kuɗi da kobo, lamba cikakkiya. Naira 15,000 ita ce kobo 1,500,000. Sai lokacin nunawa a raba da 100. Na maimaita, da kobo. Paystack ma, kamfanin karɓar biya ta intanet, da kobo yake karɓa. In ka tura masa 15000, Naira 150 zai cira. Iyayen yara za su yi ta sa maka albarka, mai makaranta kuwa zai nemo ka har gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku sefa ba ta da kobo a aikace, amma ku kula da dala: a rumbu ku ajiye sefa, kada a gauraya, don dala ɗaya sefa biyar ce.

Ban gama da kuɗi ba. Kada sabarka ta yarda da maganar burauza cewa an biya. Duk abin da ke burauza a hannun mai waya yake, yana iya sauya shi. Sabarka ce za ta ɗauki lambar shaidar biyan, ta tambayi kamfanin biyan kai tsaye, ta duba abu biyu: an biya, kuma adadin ya yi daidai da wanda ake bi. Mutane suna duba na farko su manta na biyu. Sannan sanarwar da kamfanin ke aiko wa sabarka tana iya zuwa sau biyu, in ta farko ba ta samu amsa ba. In ba ka gindaya wa rumbu sharaɗin cewa lambar shaida ba ta maimaituwa ba, ɗalibi zai biya zango ɗaya a rubuta masa biyu. Mabuɗin sirrin da kamfanin biyan ya ba ka kuma a fayil ɗin .env yake zama, ka sa sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da ba za a ɗora ba, don akwai masu shara a GitHub, shafin da ake ɗora kod, dare da rana suna tsintar mabuɗan da aka manta.

Na huɗu... ko na uku muke? Git dai, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod. Linus Torvalds ya yi shi a 2005. Ka koye shi tun makon farko, ka riƙa adana kowane ƙaramin gyara. Neman aiki kuwa, ka ɗora manhajarka a intanet a gan ta tana aiki, kuma kada ka ajiye albashinka kafin wani ya fara shigowa. Lokaci ya tafi. Na ga hannu. Bismillah, Malama.

Tambaya: Malam, na gwada rubuta rajistar ajinmu, amma duk sunan da ke da alamar ɗauri, kamar Sa'adatu ko Mu'azu, sai manhajar ta ƙi karɓa.

Allah ya saka da alheri, Malama, wannan babbar tambaya ce. Kina liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake yi wa rumbu magana da shi, ko? A SQL wannan alamar ita ke rufe rubutu, sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a Sa. Ta wannan ƙofar ce ɓarawo ke cusa nasa umarnin ya kwashe tebur. Ki bar gurbi a umarnin, $1 a PostgreSQL, ki miƙa sunan daban. Sai kuma ƙ, ɗ da ɓ: shafi da rumbu duk su kasance a UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san su, in ba haka ba alamar tambaya za ki gani. Wajen bincike ma, wani zai rubuta Ƙasimu, wani Kasimu. Ki ƙara wani ginshiƙi na suna a teburin inda kika mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b da kanki, ki riƙa bincike a cikinsa. In an tashi ki kawo laftof ɗin mu duba tare.