Tashar Dawlish: inda teku ke watsa wa jirgin ƙasa ruwa

Zainab: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Habu, kuma tun jiya yake ce mini sai mun yi hira a kan wata 'yar tashar jirgin ƙasa da ke Ingila. Malam, me ya kai mu can?

Malam Habu: Zainabu, sunan garin Dawlish, a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, kamar mil 12 daga birnin Exeter. Na taɓa sauka a tashar da hunturu. Ina zaune gefen taga, sai kawai na ji fau! Igiyar ruwa ta doki katanga, ta tashi sama, ta sauko a kan taragonmu. Gilashi ya yi fari fat da kumfa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ko ɗaga kai ba ta yi ba, saƙarta kawai take yi.

Zainab: Ikon Allah! Wato dogon a bakin ruwa yake?

Malam Habu: A kan katangar teku aka shimfiɗa shi. Dakalin tsayawar fasinja biyu ne, ɗaya ta wajen gari, ɗaya kuwa in kin leƙa ƙasa yashi ne da ruwa. Injiniya Isambard Kingdom Brunel ne ya tsara hanyar, aka buɗe tashar ranar 30 ga Mayu, 1846.

Zainab: To me ya hana shi bi ta nesa da teku?

Malam Habu: Tuddai. Bakin teku shimfiɗe yake, ya fi sauƙin bi. Duk da haka sai da aka huda duwatsu har wuri 5 tsakanin Dawlish da garin Teignmouth da ke gaba kaɗan. Amma abin da ya fi burge ni shi ne jirgin da ya fara gwadawa a wannan layi, jirgi marar kai.

Zainab: Marar kai kuma? Wa ke jan sa?

Malam Habu: Iska. Kin san yadda wanzami ke kafa ƙaho, ya zuƙe iska, fata ta biyo?

Zainab: Ƙwarai kuwa.

Malam Habu: To haka ne. An kwantar da ƙaton bututun ƙarfe a tsakiyar dogo, an giggina ɗakunan injin tururi kusan kowane mil 3, suna zuƙe iskar cikin bututun. A ƙarƙashin taragon gaba akwai wani toshi da ke cikin bututun. Da an zuƙe iskar gabansa, sai ta baya ta ingiza shi, jirgi ya zura da gudu, ba hayaƙi, ba tartsatsin gawayi. A watan Satumba na 1847 ya fara ɗaukar fasinja, kuma yakan wuce mil 60 a awa.

Zainab: Amma Malam, ta ina toshin ya haɗu da tarago, alhali yana cikin bututu?

Malam Habu: Yauwa, nan gizo ke saƙa. An tsaga saman bututun daga farko har ƙarshe, aka rufe tsagar da marfin fata, ana shafa mata mai. Ki tambayi kowane baduku yadda fata ke yi in ta sha ruwa ta sha sanyi. Ta bushe, ta tsattsage, iska ta riƙa shiga, injuna na cin gawayi a banza. A Satumba ta 1848 aka haƙura, aka koma ga jirgin tururi. Ɗaya daga cikin ɗakunan injin na nan tsaye a ƙauyen Starcross.

Zainab: Shekara ɗaya tak, kaico! To ginin tashar fa, na Brunel ɗin ne har yau?

Malam Habu: A'a. Na farkon na katako ne, gobara ta cinye shi a 1873. Wanda ake gani yanzu an buɗe shi a 1875, kuma hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa sai da izini. Akwai ofishin yankar tikiti, akwai rumfar jira. Kina fitowa ga rafi ya ratsa tsakiyar gari, ya bi ta ƙarƙashin dogo ya faɗa teku.

Zainab: Ni abin da na tuna shi ne wani hoto, dogo na reto a iska kamar igiyar shanya.

Malam Habu: Nan ne, Fabrairun 2014. Guguwa ta zo da dare, ruwa ya ci kusan mita 80 na katangar, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo. Aka kwashe mutanen gidajen da ke bayan layin cikin duhu. Kuma ki sani, tun da aka rufe hanyar da ke zagayawa ta Okehampton a 1968, wannan ne kaɗai layin da ke kai jirgi birnin Plymouth da yankin Cornwall baki ɗaya.

Zainab: Wato duk an yanke su.

Malam Habu: Har wata 2. Ma'aikata kusan 300 suka yi ta aiki dare da rana, suka jera kwantenoni cike da duwatsu don su tare ruwa. Ranar 4 ga Afrilu jirgi ya sake wucewa. Daga baya kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogo, ya kashe fam miliyan 80, ya gina sabuwar katanga mai tsawo, wadda bakinta ya lanƙwasa ta yadda igiyar ruwa za ta koma inda ta fito. An kammala ta a 2023.

Zainab: Fasinja fa, sun ga wani canji a tashar?

Malam Habu: Sun gani. An sake gina dakalin gefen teku, an kafa sabuwar gadar sama mai lif. Dā mai keken guragu ko uwa mai tura jariri ba ƙaramar wahala suke sha ba kafin su tsallaka wancan ɓangaren. Wannan gadar ta fi komai faranta mini rai, wallahi.

Zainab: In Allah ya kai ni, wane gefe zan zauna?

Malam Habu: In daga Exeter kika taso, kama kujerar hagu, jikin taga.