Fodkas: Yaushe Laburare Zai Raba Gari da Tsohuwar Python?

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ni da Malam Bashir za mu taɓo batun da ke jawo ce-ce-ku-ce tsakanin masu rubuta manhaja: laburare, wato tarin kod da aka riga aka rubuta don wasu su yi amfani da shi, ya sanar cewa ya daina aiki da tsohuwar sigar Python, harshen rubuta manhaja.

Bashir: Ni dai ina bayan masu laburaren, Malama Hadiza. Dubi Python 2.7. An shirya wa'adinta ya ƙare a 2015, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu 2020. Duk tsawon shekarun nan mutane suna fama da rubuta kod ɗaya da zai gamsar da siga biyu masu saɓani. Ko f-string, salon saka bayanai cikin rubutu da ya zo a Python 3.6, ba su isa su taɓa ba, domin Python 2 na cin karo da shi za ta tsaya cak. Kuma da yawansu aikin sa-kai suke yi. Shi ya sa Django, laburaren gina shafukan intanet, ta sallami Python 2 a sigarta ta 2.0 a Disamban 2017, NumPy, laburaren lissafi, ta bi sahu a sigarta ta 1.17 a 2019.

Hadiza: Na yarda. Amma ina tausaya wa wanda tsohuwar sigar ke kan sabar wurin aikinsa, kuma ba shi da hurumin sabuntawa. Ya buga pip install, umarnin sauko da laburare, da safe, sabon laburare ya sauko, komai ya wargaje.

Bashir: To, nan kam laifin masu laburaren ne. Layi ɗaya ke maganin wannan: python_requires, wanda ke faɗin sigogin Python da laburaren ke aiki da su. Tun daga pip 9.0, idan an rubuta shi, pip zai tsallake sabuwar sigar ya ɗauko ta ƙarshe da ta dace da kwamfutarka.

Hadiza: Sai kuma sanarwa da wuri. Abin da ya burge ni da NEP 29, tsarin sallamar tsofaffin sigogi da NumPy ta taɓa bi, ke nan: wata 42 daga fitowar sigar Python, kowa ya san ranar sallama tun kafin ta zo. Django ma ta ci gaba da gyara 1.11, sigarta ta ƙarshe mai aiki da Python 2, har Afrilun 2020.

Bashir: Ga kuma batun tsaro. Python 3.8 ta daina samun gyaran tsaro a Oktoban 2024. Laburaren da har yanzu ke lallaɓa ta yana sa mai amfani ya saki jiki, alhali babu mai toshe ɓarakar da ke cikin harshen kansa.

Hadiza: Ke nan wanda ke kan 3.8 ya kai maganar gaban shugabanninsa a makon nan.

Bashir: Ya tafi musu da wannan kwanan watan a rubuce.