Salsalar gidan manomi: a bakin tsofaffi da kan iyakar gona

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? To madalla.

Zancenmu yau a kan salsalar gidan manomi ne, da yadda ake bin diddiginta. Da an ce asali, hankali sai ya tafi manyan gidaje, don su ne ke da marubuta. A ƙasar Sin, zuri'ar Confucius, shahararren malamin falsafarsu, ta riƙe jerin sunayenta na kimanin shekara 2,500, kuma bugun da aka fitar a 2009 ya ƙunshi mutum wajen miliyan 2. To manomin da ya ciyar da irin waɗannan gidaje fa, ina nasa jerin? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na zo gabanku.

Hukuma ta daɗe tana rubuta manomi, amma da wuya ta kira sunansa. A 1086 Sarki William na Ingila ya sa aka zagaya ƙasa aka rubuta gonaki da garmuna da dabbobi. Masu mallakar ƙasa an ambace su da suna, waɗanda ke nomanta kuwa akasari ƙirga su kawai aka yi. Sai a 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sannan talaka ya fara shiga takarda yadda ya kamata. A Amurka, kafin 1850 sunan maigida kaɗai ƙidaya ke ɗauka. Bayin da ke noma gonaki kuwa, a 1850 da 1860 shekaru da jinsi da launi aka rubuta musu a ƙarƙashin sunan ubangidansu, sai a ƙidayar 1870 aka jera su da sunayensu. Don haka ku nemi takardar haraji da ta gado da ta cinikin gona, suna da amfani ƙwarai, amma kada ku zaci za su kai ku nesa.

Inda dukiyar take shi ne bakin tsofaffi, sai dai shi ma yana da halinsa. Jan Vansina, masanin tarihi ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi bayanin wannan a 1985. Mutane suna riƙe labarin kusa daki-daki, suna kuma riƙe na wanda ya kafa gida, amma tsakani sai a tarar da giɓi. Tsoho zai ce maka kakansa ɗan wanda ya sare dajin ne, alhali ƙila an tsallake mutum uku ko huɗu. Ba ƙarya ya yi ba, haka labarin ya iso masa. Ga kuma takwara: jika ya ci sunan kaka, bayan shekaru sai mutum biyu su narke su zama ɗaya, ka ji an ce wane ya haƙa rijiya kuma shi ya ga zuwan mota. Maganin wannan shi ne lissafi. Tsakanin uba da ɗa akan samu shekara 25 zuwa 35 a matsakaici, to in suna huɗu suka cinye shekara 300, an yar da wasu a hanya.

Kada ka zaunar da tsoho ka ce, "Baba, ba ni tarihin gidanmu." Zai ba ka abin da aka saba faɗa, cikin minti biyar ya gama. Ka roƙe shi ku taka zuwa gona. Ku bi iyaka a hankali. Zai tsaya gindin wata bishiya ya ce nan aka raba gado tsakanin ubansa da ƙanen uban. Zai nuna maka tudun da ƙasarsa ta fi baƙi, ga fasassun tukwane, ya ce kufan gidan farko ke nan, an tashi ne shekarar da rijiya ta ƙafe. Ka tambaye shi me ya sa gonar ta yi kwana a can, sai sunan wata gwaggo da ba ka taɓa ji ba ya fito, ita aka yankar wa wannan ɓangaren. Manomi da fari da fara da ambaliya yake ƙirga shekaru, kuma irin waɗannan sau da yawa ana samun ainihin shekararsu a rubuce a wani wuri.

Yanzu batun mata, ku ba ni hankalinku. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, na gaba 8, sannan 16. A hawa na goma gurabe 1,024 ne, ko da yake auren dangi a ƙauye yakan sa mutum ɗaya ya cike gurbi fiye da ɗaya. Wanda ya bi uba da uban uba kaɗai, gurbi ɗaya tak ya riƙe a cikin 1,024. Rabin gurabun nan mata ne, kuma su ake fara mantawa, don su ke barin gida. Amma tsohuwa ce ta san wa ya auri wa, daga wane ƙauye aka kawo wance, 'ya'ya nawa aka binne suna ƙanana. Ka ce, "Kaka, wa ya haifi mahaifiyarki?" ka yi shiru, kada ka katse ta.

Wani zai ce gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar da ake gada, fa? Yana nuna dangantakar jini ta wajen uba ko ta wajen uwa, amma ba zai gaya maka wa ya share gonar ba.

In tsofaffi biyu suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Ka naɗi murya a waya da izininsu, sannan ka raba kwafi a gidajen dangi daban-daban. A 1922 gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a birnin Dublin na ƙasar Ireland, akasarin ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi, ballantana littafi ɗaya a akwatin da gara ke iya shiga.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.