Saiwar gancao ta ƙasar Sin: zaƙi a baki, aiki a ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa a kan wannan saiwa: asalinta, yadda likitocin gargajiyar Sin ke aiki da ita, abin da binciken zamani ya gano, sai kuma yadda take karo da magungunan asibiti.

Na ɗaya. Sinawa na kiranta gancao, Larabawa kuma irƙus-sus, wasunku sun san ta da wannan sunan a shagunan magani. Tsiro ne na busasshiyar ƙasa mai yashi, yana fitowa a Mongoliya ta Gida, da Gansu, da Ningxia, da Xinjiang. Iri uku ne kundin magungunan Sin ya amince da su. Wadda aka shuka sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin a tono ta, a wanke, a shanya, a yayyanka. Mai kyau za ka ga bayanta ja-ja ne, cikinta rawaya, tana da nauyi a hannu, in ka karya ka ga gari-gari. Ga wani yanki nan, a zagaya da shi, kowa ya ɗan lasa. Na ce lasa, Malam, ba ka cinye ba. (Dariya.) Saiwar tana nitsawa ƙasa sosai, ita ke riƙe yashi, shi ya sa da masu tono suka yi mata rubdugu a daji sai ƙasa ta fara zaizayewa, har a 2000 gwamnatin Sin ta fitar da umarnin hana tonon barkatai. Mu da muka san kwararowar hamada ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na biyu, aikin gargajiya. Tun a tsohon kundin Shennong, wajen shekara dubu biyu da suka wuce, an sa ta a sahun magunguna na sama. Da wuya ka ga an ba da ita ita kaɗai. Cikin haɗi take shiga, su ce tana daidaita sauran itatuwa, tana rage kaifin masu kaifi, kuma ga zaƙi da ke rufe ɗaci. Ɗanyarta, wato busasshiyar da ba a soya ba, ita ake ba mai ciwon maƙogwaro da tari mai majina da ƙuraje. Soyayyar kuma ta mai kasala ce da raunin ciki da faɗuwar gaba. Ga yadda ake suyar: kilo 100 na saiwa, kilo 25 na tatacciyar zuma. A sirka zumar da ɗan tafasasshen ruwa, a cakuɗa da yankakkiyar saiwar, a rufe ta tsotse, sannan a soya a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi rawaya mai duhu, ka taɓa ba ta manne maka a hannu. In wuta ta yi yawa zumar ta ƙone, ta yi ɗaci. In ba ta soyu ba ta riƙe danshi, ta yi fumfuna a ajiya. Ruwan da ake tatsa kuwa, tafasa saiwar ake yi, a tace, a ci gaba da dafawa har ya zama baƙin ƙulli mai kauri kamar kwalta, shi ake sawa a maganin tari da alewa. Awon da kundin Sin ya ba da shi ne giram 2 zuwa 10 a rana. Ku riƙe wannan adadi, zan dawo kansa.

Kuma ku ji wani abu. Tsofaffin likitocin nan sun rubuta cewa mai kumburin jiki da mai cikar ciki kada a ba shi da yawa. Ba su da ɗakin gwaji, ido kawai suka sa. To me suka gani? Nan ne inda nake so mu zauna, don wallahi nan ne daɗin zancen yake.

Abin da ke ba saiwar zaƙi wani sinadari ne, gilisirizin, ya fi sukari zaƙi sau 30 zuwa 50. In ka sha, shi kansa ba ya shiga jini sosai. Sai ya gangara hanji, ƙwayoyin bakteriyan hanji su datse masa sukarin da ke jikinsa, sannan abin da ya rage ya shiga jini. Wannan ya sa mutum biyu za su sha awo ɗaya, ɗaya ya kumbura ɗaya ko a jikinsa, don hanjin kowa da irin mazaunansa.

A 1946 wani likita ɗan Holan, Revers, ya lura masu gyambon ciki suna samun sauƙi da wani haɗi mai wannan saiwa. Ya gwada, ya ga gaskiya ne. Amma sai wasu daga cikinsu ƙafa ta kumbura, kai ya yi ciwo, jini ya hau. Daga baya a Ingila aka ƙera maganin olsa daga wannan sinadari, kabenokzolon, shi ma ya zo da matsalar nan. Aka yi ta tunanin ai sinadarin yana kwaikwayon aldosteron ne, wato homon ɗin da ke gaya wa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da potasiyam. Aka kai shekara arba'in a kan wannan fahimta. Sai a 1987, a Edinbura, Stewart da Edwards da abokan aikinsu suka nuna ba haka abin yake ba.

Ku saurara da kyau. A cikin ƙoda akwai wata ƙofa da aldosteron ke buɗewa. To ashe kotisol, wani homon da jiki ke yi kullum, shi ma mabuɗinsa na shiga wannan ƙofar daidai wa daida. Kuma kotisol ya ninka aldosteron yawa a jini sau ɗari ko fiye. Da an bar shi, da kullum ƙofar a buɗe take. Sai Allah cikin ikonsa ya ajiye maigadi a bakin ƙofar, wani enzayim, ana kiransa 11-beta-HSD2. Aikinsa ɗaya: duk kotisol ɗin da ya zo, ya karɓe mabuɗin, ya mai da shi kotison wanda ba ya buɗe komai. Gancao me take yi? Ba ta taɓa ƙofar ba. Maigadin take sa wa barci. Na maimaita, maigadin take sa wa barci. Kotisol ya yi ta shiga yadda ya ga dama, ƙoda ta ɗauka umarni aka ba ta, ta riƙe gishiri, ta riƙe ruwa, ta yi ta zubar da potasiyam a fitsari.

Shi ya sa in an auna jinin irin wannan majiyyaci za a ga abin mamaki: alamu duk na yawan aldosteron ne, amma aldosteron ɗin kansa ya yi ƙasa, renin ma, wato sinadarin da ƙoda ke fitarwa don a ƙara ƙera aldosteron, ya yi ƙasa. Ɗaliban da ke nan, ku rubuta wannan, tambayar jarrabawa ce. Hawan jini, ƙarancin potasiyam, renin ƙasa, aldosteron ƙasa: tambayi mutum me yake sha a gida.

Potasiyam a jini ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. In ya sauka, mutum zai ji kasala, ya kasa tashi daga tsugune, jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, in ya yi ƙasa sosai bugun zuciya ya rikice. Ga inda abin ke da ban takaici. Akwai wani tsohon haɗi na Zhang Zhongjing, wajen shekara ta 200 miladiyya, saiwar wani tsiro mai fure da ake kira shaoyao, da gancao, su biyu rak, na ɗaurewar jijiyar ƙafa. Har yau likitocin Japan na rubuta shi, kuma yana aiki da sauri. Amma dattijo in ya mai da shi na kullum, potasiyam ya sauka, ƙafar ta ƙara ɗaurewa, shi kuma ya ce ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara awo. Kun ga da'irar? Maganin ɗaurewa ya koma kawo ɗaurewa.

Yanzu mu yi lissafi. Kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai a 2003 ya ce miligiram 100 na gilisirizin a rana shi ne iyakar da ta dace da yawancin mutane. Kundin Sin ya ce saiwa mai inganci kada gilisirizin ɗinta ya gaza kashi 2 cikin 100. Giram 10 ke nan na ɗauke da aƙalla miligiram 200. Ba duka ke fita a tafasa ba, gaskiya ne, amma kun ga awon gargajiya na sama ya riga ya kai bakin iyaka. Bambancin shi ne su na kwanaki suke bayarwa, a duba mutum, a canza haɗi. Mu kuwa in an ce abu na da amfani, sai ya zama shayin safe da yamma har Mahadi ya bayyana. (Dariya.) Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wanda ya kai shekara 40, in ya ci wajen giram 57 na baƙar alewar da ake yi da ruwan saiwar nan kullum har mako biyu, zuciyarsa na iya rikicewa. A 2020 aka wallafa labarin wani magini ɗan shekara 54 a jihar Masacuset ta Amurka da ya yi makonni yana cin ta da yawa kullum, zuciyarsa ta tsaya, ya rasu. Kuma in an daina sha, ba ranar ake warkewa ba, sai an ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, don hanta na zuba sinadarin a hanji, hanji ya sake tsotse shi. A asibiti ana ƙara potasiyam, a ba da sifironolakton wanda ke toshe ƙofar da kanta.

Na uku... a'a, ina cikin na ukun ne ashe. To, da sauri. A Japan an daɗe ana allurar gilisirizin ga masu daɗaɗɗen ciwon hanta, tana saukar da awon enzayim na hanta, amma ba ta kashe ƙwayar cutar. Akwai nau'in da aka cire wa gilisirizin, na masu ƙwannafi, ba ya ɗaga jini. Mai juna biyu ta nisance ta: binciken Finlan ya danganta yawan shanta da haihuwa kafin lokaci. Mai shan Lasix ko irinsa na sa fitsari, da mai shan digokzin na zuciya, su ne na farko a layin haɗari, don... Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Tambaya: Malam, ni ba sha nake ba. Man shafawar da 'yata ta sayo an rubuta akwai ruwan wannan saiwa a ciki, wai yana goge tabo. Shi ma zai ɗaga mata jini?

Hajiya, kin kawo tambaya mai kyau. Wanda ke cikin man shafawa galibi wani sinadari ne daban, gilabridin, daga ɗaya cikin iri ukun nan. Yana rage aikin enzayim ɗin da ke ƙera launin fata, a hankali, kuma kaɗan. Abin da zai ratsa lafiyayyar fata ya kai ƙoda bai taka kara ya karya ba, sai dai wasu yana sa musu ƙaiƙayi. Amma ki duba min abu ɗaya. In man ya haskaka ta cikin mako ɗaya ko biyu, to ba saiwar ce ta yi aikin ba, akwai wani abu a ciki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba: siteroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, ko haidirokwinon, ko makuri, wato zaiba. Siteroyid ɗin nan shi ke sirantar da fata, ya fito da nankarwa a cinya da hammata, jijiyoyi su bayyana, kuma in ana shafe jiki da shi wata da watanni yana shiga jini, ya ɗaga jini da sukari. Ki juya kwalbar ki karanta, ki nemi lambar NAFDAC. In ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore, jikin ma na iya shiga wani hali. Ta je wurin likitan fata a janye mata a hankali. In kwalbar na jakarki, kawo min ita nan bayan an tashi mu duba tare. Shugaban taro yana ta nuna min agogo, ga kuma an kira salla.